Faifan da Na Rataye a Gonar Gero

Kademi, ƙasar Gaya

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ko da yake katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki, kuma ɗazun nan kika miƙo mini ruwan alwala. Allah Ya tsare ki a zaune da tafiye, Ya kiyaye gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutanen hanya.

Za ki yi mamakin wasiƙa a cikin gida ɗaya. To kin san halina. Na ƙare ƙuruciyata ina zuba surutu a gaban allo a firamare, amma da zarar na zauna da ke da niyyar magana mai nauyi sai bakina ya mutu, in ɓige da tambayar ko an ba awaki dusa. Shi ya sa na ɗauko biro.

Yafendonki, ƙanwar Innarki, ta gaya mini kin kwance jakar da kika ɗaure. Ta ce kin ce ba za ki tafi makarantar ungozoma ba, ba za ki bar Innarki a wannan hali ba. Bara sun ɗaga miki ƙafa sun ajiye miki gurbi, bana kuwa sun faɗa ƙarara cewa wanda bai zo ba an ba wani. Idan motar jibi ta tashi daga Gaya babu ke, shi ke nan, karatun da kika sha wahala a kansa ya wuce. Ni so nake ki tafi. Amma ba zan ce miki umarni ne ba, don na lura umarnina a 'yan shekarun nan bai cika haifar da ɗa mai ido ba. Zan dai shimfiɗa miki kurakuraina kamar shanyar gyaɗa, ki duba da kanki. Yawancinsu kin san su, kina nan aka yi. Abin da ba ki ji daga bakina ba shi ne abin da suka koya mini.

Innarki 'yar Fulanin Ajingi ce, kunya a jininta take. Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba, sai ga ki. Kika zo 'yar fari, kuma aka sa miki sunan mahaifiyata, wato kunya biyu a kan mutum ɗaya: ta ɗan fari da ta suruka. Ni na samu mafita, nake ce miki Uwata. Ita ko wannan ba ta iya ba. Tun kina goye har kika yi girma, sunanki a bakinta bai wuce "ke", ko "waccan", ko "ku ce wa yarinyar nan ta zo" ba. Ba ta ɗaukar ki a gaban mutane, ba ta yabon ki, in an yabe ki sai ta tashi ta shiga madafa. Mu a wajenmu wannan ado ne, har alfahari nake yi da shi.

Sai ranar sunan gidan Malam Audu maƙwabcinmu. Tsakar gida cike da mata, Innarki ta miƙe ta ƙwala miki kira da sunanki na yanka, sunan da ni ma ba zan rubuta a nan ba. Ta maimaita. Da kika zo, ta jawo ki ta ɗora a cinya, ke da kika fi ta tsawo. Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Kafin a raba naman suna labari ya iso zauren maza. Na dawo gida ina huci, na ce mata, "Yau kin kwance mini zani a kasuwa. Sunan uwata ne kike jefawa a tsakar gidan mutane?" Ta ɗago ta dube ni, ba fushi ba kunya, ta ce, "Malam, to ba sunanta ba ne?" Ta ci gaba da cin alkakin da ta ƙullo a gefen mayafi.

Kuskurena ke nan na farko, kuma daga shi sauran suka tsiro. Macen da na zauna da ita tun tana budurwa, wadda ko sunana ba ta taɓa faɗa ba, ta wayi gari ta zama wata daban, ni kuma abin da ya dame ni shi ne me za a ce a majalisa. Ban tsaya na tambayi kaina me ya same ta ba. Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya. Ta sa hannu a kwanon baƙi. A kasuwar Ajingi ta ɗauki alewa a tiren mai talla ta wuce abinta. Muka je gaisuwar mutuwa, ana kuka ta tambaya ko ba a dafa shinkafa ba. Ita da ko ɗan akuya ya yi ɗingishi sai ta hana kanta sukuni, ƙaninki ya faɗo daga babur ya fasa gwiwa, ta kalle shi ta ɗauke kai. Kuma duk wannan ba mantuwa take yi ba. Ta san ranar kasuwa, ta san inda ta ajiye allura. Shi ya sa ba wanda ya kawo gigin tsufa a ransa, balle ma shekarunta ba su kai nan ba. Na ɗauka raini ne ya shigo da girma. Akwai ranar da na ce ta tafi gidansu ta huta, kin san abin da wannan kalma take nufi, ke ce kika durƙusa kika riƙe ƙafata.

Uwata, duk inda kika je, idan mutumin da kika sani da hali ɗaya ya sauya kwatsam, ki fara tambayar lafiyarsa kafin ki tuhumi tarbiyyarsa. Hali ma yana rashin lafiya kamar yadda ƙafa take yi. Za ki haɗu da mai jego da ta ƙi jaririnta, dangi suna zagin ta. Ki tuna da Innarki, ki zauna kusa da ita ki tambaya.

Da muka ga abin ya wuce raini, sai muka koma kan sammu. Dangin Innarki suka ce iska ce, mutanenmu suka ce hannu ne. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. Ba na nadamar addu'a ko ɗaya da aka yi, har gobe ina tofa mata. Abin da nake nadama shi ne Talatu matar Malam Audu. Wani ya raɗa mini cewa ai a gidanta abin ya fara, kuma alkakinta ne a mayafin. Na daina amsa gaisuwar baiwar Allah nan, na hana ku ɗebo wuta a gidanta. Matar da ita ta yi wa Innarki wankan jegonki. Duk da haka, kullum ta ga Innarki ta fita ba mayafi ta bi ta da nata ta rufa mata, ta riƙo hannunta har ƙofar gidanmu, ta juya ba tare da ta shigo ba. Na je na ba ta haƙuri daga baya, ta ce, "Haba Malam, ai ciwo ne ya ruɗa ku." Na fi son a ce zagina ta yi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya tashi a banza. Idan abu ya fi ƙarfin saninki, ki ce ban sani ba ki tsaya a nan. Kada ki nemo wa jahilcinki fuskar maƙwabci.

Kawunki ne ya matsa aka je asibiti a Gaya, daga nan suka tura mu Kano wajen likitar ƙwaƙwalwa. Mace ce mai sanyin magana, da tabarau a kan hanci. Ta daɗe tana yi wa Innarki tambayoyi, ta sa ta zane, ta sa ta jero sunayen dabbobi, sannan ta juyo kaina ta tatse ni tas. Aka ɗebi jini. Daga ƙarshe ta ce a je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a wani wurin 'yan kasuwa, don na'urar asibitin ta samu matsala a lokacin. Aka cire wa Innarki 'yan kunne da awarwaro, aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da rami, tana ƙara kamar injin niƙa. Ni ina waje ina salati. Da aka gama suka ba mu takarda da wani faifai mai ƙyalli a cikin 'yar leda.

Likita ta sa faifan a kwamfuta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, babu ƙari, babu jini, babu ruwan da ya taru. Wannan abin godiya ne." Daga nan ni kunnena ya rufe. Na san ta ci gaba da magana, don ina ganin bakinta yana motsi. Kawunki ya tuna mini daga baya cewa ta ce akwai wurin da take shakka a gaban ƙwaƙwalwar, amma hoto ɗaya ba zai raba mata gardama ba, mu adana faifan mu dawo da shi baɗi a sake ɗauka a gwada. Ni dai "babu, babu, babu" na ƙullo na taho da shi. Ban ko cire takalmi ba na tsaya a majalisa na ba da sanarwa: an duba kan da na'urar Turawa, lafiya lau, ƙalau. Ni da na yi shekaru ina dukan tebur ina ce wa yara su saurari tambaya har ƙarshe kafin su ɗaga hannu.

Damina ta zo, gero ya yi kai, tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar an aiko su. Kin san yadda muke yi: a ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, a rataya ledoji da gwangwanaye da zaren tsohon kaset, duk abin da zai yi ƙyalli ko ƙara. Ina binciken akwati na ci karo da faifan. Na juya shi a rana, ya watsa haske har cikin idona. Na ce a raina, ai kuwa ka samu aiki, tunda wanda aka yi ka dominsa ya ƙare. Na zura igiya a hujin tsakiyarsa na rataye shi a tsakiyar gona. Haka ƙwaƙwalwar Innarki ta yi ta juyawa a iska tana korar tsuntsaye, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, har aka yi girbi. Ƙannenki har yau in suna son su ga na murtuke sai su tambaye ni ko bana ma za a sa faifai.

Ki yi dariya in kina so, ni ma wani lokaci ina yi. Amma ki riƙe wannan: maganar da ta yi miki daɗi ita ce ta fi bukatar ki saurare ta har wutsiya. Kuma idan kin zama ma'aikaciya, kada ki sallami mutum don ya gyaɗa kai. Mu mutanen karkara mun iya gyaɗa kai a gaban mai farar riga, ladabi ne, ba fahimta ba. Ki ce ya maimaita miki abin da kika faɗa. In kin ba shi kati ko takarda, ki gaya masa amfanin da za ta yi gobe, don a wajenmu abin da ba shi da aiki yau sai mun nemo masa wani.

Shekara ta zagayo jiki ya ƙara rikicewa, muka koma, wannan karon da ke. Likita ta gaishe mu, ta miƙo hannu ta ce, "Malam, ina faifan bara?" Na ce, "Likita, yana gona." Ta ce, "Gona?" Na yi mata bayani kaina a ƙasa. Ke kika ja hijabi kika rufe fuska. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kai manomi ne. Idan aka kai ka bakin rijiyar da ba ka taɓa gani ba ka leƙa sau ɗaya, za ka iya ce mini ruwanta ja yake yi ko ƙaruwa?" Na ce a'a, sai na san inda yake jiya. Ta ce, "To haka kan mutum yake. Kowa da irin nasa, wani tun haihuwa nasa akwai 'yar rama a nan ko can. Ba na gwada Hajiya da kowa, da kanta nake gwada ta. Hoton bara shi ne jiyan da nake nema." Muka je wurin da aka ɗauka ko suna da kwafi, muka tarar sun tashi, mai sayar da tayoyi ne a shagon.

Aka ɗauki sabo, ya zama shi ne na farko. Likita ta ce tana da zato mai ƙarfi, amma akwai ciwon damuwa da wasu cututtuka masu kama da wannan waɗanda ake warkewa, ba za ta yanke wa mutum hukuncin da ba ya tashi ba alhali tana shakka. Ta ba da magani a gwada, ta ce sai an sake wani hoton. A wannan jiran ne takardarki ta makaranta ta fito. Kika ce bari ki tsaya shekara ɗaya, wataƙila Inna ta warke ki tafi da kwanciyar rai. Wannan shekarar taki ni na ci ta, Uwata, da igiya da faifai. Da na kawo abin da aka ce in kawo, da tun a lokacin mun san inda muka dosa, da kuma mun tambayi Innarki abubuwa da yawa tun maganarta tana da tsawo. Da-na-sani ƙeya ce. Ba na faɗa don ki tausaya mini ba, sai don ki san cewa jinkirin bara ba hukuncin Allah ne a kan karatunki ba, sakacin tsoho ne. Kada ki ɗora wata shekarar a kan waccan.

Faifai na biyu kuwa, kin ga yadda na yi da shi. Na naɗe shi a tsumma, na sa a leda, na sa a gwangwani, na kulle a akwati, har kina tsokanata wai ko sai an samo masa mai gadi.

Bayan sallar layya da ta wuce muka koma aka ɗauki na uku. Likita ta jera biyun a fuskar kwamfuta, na bara a hagu, na bana a dama, ta ce mu matso. Ni da ban san komai a kai ba, na gani. A gaba, daidai bayan goshi, da kuma gefe wajen kunne, naman ya janye, baƙaƙen ramukan da ke tsakani sun ƙara faɗi. Ta ce hoton shi kaɗai ba ya yanke magana, amma idan ta haɗa shi da labarin da muka ba ta da gwajin tambayoyin da ya ja baya, yanzu ba ta shakka. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, ɗan'uwan ciwon mantuwa na tsofaffi, sai dai shi ta gaba yake farawa, wurin da ke riƙe da kunya da kawaici da tausayi, kuma yakan kama mutum tun bai tsufa ba. Ta ce ba iska ba ce, ba hannun kowa ba ne, ba kuma laifin Hajiya ba ne. Na tambaye ta magani. Ta dube ni ido cikin ido ta ce babu mai mayar da abin da ya tafi, akwai dai na rage firgita, sauran kuma kulawa ce: a daina yi mata faɗa, a kawar da abin da zai cutar da ita, a bar mata rana iri ɗaya kullum. Ta ce magana za ta yi ta raguwa, kuma wata rana gane fuskoki ma zai iya yin wuya.

Na fito jikina a sanyaye, amma wallahi da wani sauƙi a ƙirjina. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun daga ranar ban sake ɗaga mata murya ba, don na daina jiran ta ji kunya.

A motar dawowa Innarki ta yi barci a kafaɗarki. Muna hawa gadar Wudil kika ce, a hankali yadda direba ba zai ji ba, "Baba, ashe ranar nan ba ita ce ta kira ni ba. Ciwon ne." Na ji ki sarai. Na juya na kalli ruwa, na yi kamar ƙarar mota ta hana ni ji. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na faifan ciwo a raina, don na ga yadda kika koma tun daga ranar. Kina yi mata hidima kamar mai neman wata shaida, kina kallon bakinta. Ina jin har da wannan a cikin kwance jakarki. To ga amsar da na hana ki a kan gada.

Na'urar nan ta nuna inda naman kai ya rame. Ba ta nuna abin da ke cikin zuciyar Innarki ba, wannan ni ne shaidarsa. Lokacin da ƙyanda ta kama ki kina rarrafe, a gaban mutane ko kallon ki ba ta yi, kakarki ce ke jinya. Amma abinci bai wuce maƙogwaronta ba har sai da kika buɗe ido, ni na riƙa mayar da kwanon. Duk ranar da kika kawo sakamakon jarrabawa, sai ta bari kin fita ta ce, "Malam, waccan takardar, me aka rubuta a ciki?" In karanta. Ta ce, "Ban ji sosai ba." In sake. Ta ji sarai, so take a maimaita. Idan tana cura fura, akwai guda ɗaya da take fin sauran, kuma ba a kwanona take sauka ba. Karatun ungozoman nan ma, ranar da kika fara faɗa kina ƙarama, kowa ya yi dariya, ita ce ta same ni ta ce, "Yarinyar nan in ta ce za ta yi abu, a bar ta." Ciwo bai ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ƙyauren ɗakin kawai ya ɓalle, abin da kika gani a ciki dama can yana nan. Ita ce ta kira ki. Ta daɗe tana so.

Don haka ki koyi abin da ban koya da wuri ba: idan wanda kike ƙauna ya yi miki tambaya mai zafi, ki amsa a lokacin, ko da muryarki za ta yi rawa. Shiru ba kullum yake zama kawaici ba, wani lokaci tsoro ne ya yafa mayafi.

Saura ɗaya, shi ne ya fi kusa da maganar jibi. Tun da ciwon nan ya yi nauyi na sakar miki komai. Wanka ke, kitso ke, ba ta abinci ke, bin ta in ta fita ke. Ni kuwa sai in leƙo in ce "ya mai jiki?" kamar baƙon da ya zo dubiya, in saɓa carbi in tafi majalisa. Na fake da cewa aikin mata ne, kuma me za a ce in an ga Malam da tukunya. Na zuba ido kina ramewa, kina karatu da littafi a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya, har kika yarda cewa in babu ke gidan nan zai rushe. Ni na koya miki wannan, ba gaskiya ba ne.

Kin dai ga 'yan makonnin nan ina kutsa kai madafa kina korata. Ba ruɗewa na yi ba, koyo nake. Na dama kunu shekaranjiya, Innarki ta kurɓa ta dube ni ta ce, "Malam, wannan kunu ne ko ginin tukunya?" Kin ga amfanin rashin kunya, yanzu ina samun gyara nan take. Na iya sa mata zani, na san ba ta son ruwa ya taɓa kanta da farko sai ƙafa, na san in ta fara kai da kawo a tsakar gida ba tsawa take so ba, a miƙa mata gyaɗa ta ɓare. Yafendonki ta yarda za ta dawo nan da zama har bayan girbi, daga nan su riƙa karɓa-karɓa da matar Kawunki. Talatu ta ce kitso nata ne, kada wanda ya taɓa. A masallaci an fara ce mini mijin Hajiya, na ce ai ba ƙarya aka yi ba. Kada ki bari kunyar idon mutane ta sa ki sauke nauyinki a kan wanda ya fi ki rauni, kamar yadda na yi. Kuma kada ki ɗauki nauyin da yake na wani don kawai ya yi nawar ɗauka.

Ba zan yi miki ƙarya don ki tafi ba. Ba zan ce za ki dawo ki same ta yadda kika bar ta ba. Na ga hotunan nan biyu da idona, na san inda hanyar ta nufa, kuma baɗi idan Allah Ya kai mu za a ɗauki wani, zan kira ki in gaya miki abin da ya nuna ba ragi. Amma zamanki ba zai mayar da ko ƙwayar gero ɗaya na abin da ya tafi ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya haɗa ke da ita ciwo ɗaya ya cinye. Ina tsoron ranar da za ki shigo da sallama ta dube ki kamar baƙuwa. Ina tsoron ta ƙwarai. Sai dai wannan ranar, in tana tafe, za ta zo ko kina Kademi ko kina bayan duniya, kuma na fi son ta same ki da abin yi a hannu. Ke 'yarta ce, an haife ki ne don ki wuce gaba. Ni ne na je har rugarsu na ce ina so, aka tara mutane aka shafa fatiha. Zaman nan nawa ne, ki bar mini abina.

Ki sake ɗaure jakar. Jibi ki shiga wajenta da safe bayan ta karya, lokacin ta fi natsuwa. Kada ki yi doguwar sallama, kada ki yi kuka a gabanta, yana ruɗa ta. Ki durƙusa ki ce ta sa miki albarka, duk abin da ta faɗa ki karɓa, ko da tambayar alewa ce.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da abokan zama na gari da malamai masu haƙuri. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga matan da za ki karɓi haihuwarsu. Ya tsare miki sallarki da mutuncinki, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Ya sassauta wa Innarki, Ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi, ni kuma Ya ba ni ƙarfin gwiwa da tsawon numfashi.

Idan kin zo hutu kika yi sallama ta ɗago ta ce, "'Yar gidan wa ce wannan?" kada ki tsaya yi mata bayani, kada ki gudu bayan ɗaki. Ki ce ke 'yar Malam Ya'u ce. Ni har yanzu tana gane ni, kuma ba ta taɓa barin baƙona a tsaye ba. Za ta shimfiɗa miki tabarma.

Wassalam.

Babanki